Yatsa na Shida

Talata, 6 ga Agusta, 2024

Doreen matar ɗana Kaleb ta sauka da ƙarfe tara na safe. Mace. Jikata ta fari. Ina sito ana ɗinke buhunan citta aka bugo mini, na bar komai na ja mota zuwa asibiti. Ruwa ake yi tun asuba.

Na ɗauki jaririyar. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Sai ta zaro hannu daga cikin tawul ta kama mini babban yatsa. Na ji riƙon wani iri. Na duba.

Shida ne. A gefen ƙaramin yatsa akwai wani ɗan mitsitsi, har da farce. Na buɗe ɗaya hannun. Shi ma haka.

Kaleb yana ta ɗaukar hoto da waya yana dariya, wai, "Baba, jikar ɗan kasuwa ce, ta zo da gyara." Ban yi dariya ba. Na miƙa wa uwar ita.

Da matata Hellen tana raye da ta san abin da za ta ce mini. Shekara huɗu ke nan da na binne ta.

Laraba, 7 ga Agusta

Babu wannan a gidanmu. Ni goma. Ɗana Kaleb goma. 'Yan'uwansa mata biyu, goma-goma. Babana Azariya ma, duk abin da zan faɗa a kansa, goma ne. Na san hannun nan sarai, ya sauka a kuncina ba sau ɗaya ba.

Alhamis, 8 ga Agusta

Ba na so in rubuta wannan, amma littafina ne.

Mutum ɗaya na sani mai yatsu shida a duk Kafanchan. Zamani tela. Shagonsa bango ɗaya ne da shagon gyaran gashin Doreen. Idan wuta ta ɗauke, janaretonsa take jona waya.

Na ƙirga watanni baya. Nuwamba. A Nuwamba Kaleb yana yawon ƙauyuka neman irin citta mai lafiya, bayan cutar da ta cinye mana gonaki bara. Sati uku ya yi. Sau biyu ya leƙo gida, ni shaida ne. Sau biyu.

Na wuce ta gaban shagon da rana. Zamani ya ɗaga mini hannu, "Ciyaman, barka da arziki!" Hannun ya tsaya a sama kamar ana nuna mini shi da gangan.

Asabar, 10 ga Agusta

Sista Caroline ta zo duba cibiyar jaririya. Nas ce, ƙawar Hellen tun a zumuntar mata ta coci. Da ta gama na tare ta a baranda, na ce wani abokina ne yake tambaya, daga ina irin wannan abu yake fitowa. Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, "Abokin naka ya zauna, zan gaya masa."

Ga abin da na riƙe. Ta ce a cikin jikin mutum akwai ƙwayoyin gado, ƙanana da ido ba ya gani, su ne suke faɗa wa jiki yadda zai ginu: tsawo, launin fata, yanayin kunne, yawan yatsu. Kowace ƙwaya bibbiyu take zuwa, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Na ce na san wannan, ai sai da coci ta sa Kaleb da Doreen gwajin jini kafin aure saboda sikila. Ta ce yauwa, amma sikila sai ƙwayar ta zo ta gefe biyu kafin yaro ya kwanta ciwo. Ta yatsa kuwa, guda ɗaya ta isa. Idan uba ko uwa yana da ita, kowane ciki kamar a jefa kwabo sama ne, ba a san fuskar da zai faɗo da ita ba. Wani yaro ya ɗauko, wani ya tsallake. Ta ce wani lokaci ma mutum yana ɗauke da ita, a jikinsa ba ta nuna sosai ba, sai a jikin ɗansa. Kuma wai gidaje da yawa suna da shi a ƙasar nan, ba ciwo ba ne, ta karɓi haihuwar irinsu ba adadi.

Na ce mata ni citta na sani. Abin da ka gutsura ka binne, shi zai fito sak. Ta ce, "Citta ba ta da uba, Ciyaman. Mutum rabi da rabi ne."

To idan rabi da rabi ne, kuma Doreen goma ce, iyayenta goma...

Da za ta tafi ta ce, "Kawo hannunka in gani." Na sa su a aljihu. Na ce ni ba maras lafiya ba ne. Ta ɗauki jakarta. A bakin get ta juyo ta ce, "Kada abokinka ya faɗi maganar da ba zai iya mayarwa ba."

Aji uku na yi a sakandare, amma ba wanda zai juya ni da turancin asibiti.

Lahadi, 11 ga Agusta

A coci kowa barka, barka. Fasto ya sa ranar miƙa jaririya ga Ubangiji, ɗaya ga Satumba. Ni zan raɗa suna, kamar yadda ake yi.

Bayan sujada ina zaune ni kaɗai a falo, rana tsaka, hadari ya rufe dutsen Kagoro. Sai na ji ana fito. Wata 'yar waƙa mai hawa uku ta sauko, wadda babana yake yi idan yana zaune a gindin rumbu yana murza gefen hannunsa da babban yatsa. Shekara arba'in da biyar ban ji ta ba. Gashin jikina ya tashi. Na miƙe na leƙa tsakar gida. Babu kowa.

Da na dawo na zauna na gane bakina ne a tsuke.

Litinin, 12 ga Agusta

Na kira Kaleb ofis na rufe ƙofa. Na faɗa masa. Ban ɓoye sunan Zamani ba.

Ya tashi tsaye har kujera ta faɗi. Ya ce, "Baba, matata kake magana a kai." Na ce na sani, ni na je na nemo maka ita. Na ce a kai jini Abuja a yi gwajin DNA, idan tamu ce ni da kaina zan yanka sa. Kafin nan ba zan raɗa suna ba, ba zan tsaya a gaban ikilisiya ba.

Ya yi ta faɗa. Daga baya ya daina. Shirun ne ya nuna mini maganar ta shiga. Na ga yana ƙirga da yatsu a ƙarƙashin tebur.

Ni Meshak, na bar ƙauyenmu Nok ina shekara sha bakwai da riga ɗaya a wuyana. Dako na fara a tashar jirgin ƙasa. Ban gaji ko fartanya daga wurin Azariya ba, sunansa ma ban sa a allon sito ba. Abin da na gina da hannuna ba zai tafi gidan tela ba.

Laraba, 14 ga Agusta

Saƙo daga Nok. Mama Damaris, ƙanwar babana, ita kaɗai ta rage a tsofaffin gidan. Wai an nuna mata hoton jaririya a waya, ta ce in zo, kuma kada in ce komai a kan yarinyar sai na gan ta. Ta haura tamanin, ido ya tafi rabi. Me za ta gani a waya?

Na ce a gaya mata ina da aiki.

Alhamis, 15 ga Agusta

Doreen ta ji. Ta shigo falona da jaririya a kafaɗa, ko sati biyu ba ta yi da haihuwa ba, tana tafiya tana dafa bango. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ta ce, "Baba, ni ce na yi jinyar Mama Hellen wata biyar. Ni na rufe mata ido. Yau ni ce wannan?"

Na ce ban ce ke ce komai ba, gwaji kawai na ce. Ta ce za a yi gwajin, amma ranar da takarda ta fito ba a gidan nan za ta same ta ba.

Duk lokacin nan yarinyar tana kallona ta saman kafaɗar uwar. An ce jarirai ba sa gani da nisa. Wannan tana gani. Ba ta ƙifta ba. Na san kallon, amma na kasa tuna inda na san shi.

Asabar, 17 ga Agusta

Gefen hannuna yana ƙaiƙayi tun jiya. Duka biyun. Idan za a yi ruwa haka yake mini tun ina yaro, ban taɓa sa shi a rai ba.

Lahadi, 18 ga Agusta

Ban je coci ba. Maganar ta fita, ban san ta bakin wa ba. An ce matar Zamani ta je shago ta zubar masa da kayan ɗinki a titi. Ni ban aike ta ba.

Litinin, 19 ga Agusta

Uwar Doreen ta zo daga Zangon Kataf ta kwashe 'yarta. Na ce direba ya kai su, ta ce motarmu ta yi musu tsada, bas ta ishe su. Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Suka rufe jaririya da leda da zane suka fita. Kaleb ya bi su da laima har titi, ya dawo jiƙe, ya shige ɗaki bai dube ni ba.

Ina tsaye a taga. Sai na ji kamar na taɓa tsayawa haka ina kallon mace da goyo tana shiga ruwa. Ban taɓa ba. Na tabbata ban taɓa ba.

Talata, 20 ga Agusta

Ɗan acaba ya kawo mini abu daga Nok, a naɗe cikin ganyen ayaba. Na ɗauka daddawa ce. Da na buɗe, baƙin zare ne, irin na kitso, tsawon ɗan yatsa, an ƙulla shi zobe ƙarami wanda ko tsinken tsintsiya da ƙyar zai shiga. Babu takarda. Ya ce tsohuwa ta ce in na gani zan zo.

Na jefa shi a aljihun tebur. Sau uku na buɗe na sake dubawa.

Laraba, 21 ga Agusta

Bayan na ci tuwo na wanke hannu, na tsaya a rana na juya su.

A gefen hannun dama, daidai gindin ƙaramin yatsa, akwai ɗan tsiro kamar ƙwayar dawa. Na san da shi. Kullum ina cewa wuƙar tsaga citta ce ta yanke ni ina yaro. Na juya na hagu. Akwai. Wuri ɗaya, girma ɗaya.

Wuƙa ba ta yanka haka.

Gobe zan je Nok. Akwai manoman da nake so in gani dama.

Alhamis, 22 ga Agusta

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Mota ta tsaya a bakin rafi, sauran na taka. Tun da aka binne babana ban shiga gidan nan ba, ranar ma akwatin gawa na kai, ban tsaya ba. Rumbunsa yana nan, ya karkace. Dutsen da yake zama a kai yana nan, wurin zaman ya yi sulɓi.

Mama Damaris tana bakin ɗaki. Kafin in yi gaisuwa ta ce da yarenmu, "Takun Azariya nake ji." Na ce Meshak ne, Mama. Ta ce, "Na sani. Kawo hannu."

Ita ban iya sa mata su a aljihu ba. Ta laluba, babban yatsanta ya tafi kai tsaye kan tsiron kamar jiya ta ajiye shi. Ta ce, "Ni na ɗaure wannan. Kwana shida ya yi kafin ya faɗi. Ka yi kuka kamar akuya." Sannan ta ɗora yatsana a gefen nata hannun. Akwai. Duka biyun.

Ta sa na shiga ɗakinta na jawo wata 'yar tukunya daga ƙarƙashin gado, bakinta a liƙe da tsumma. Ta ce in buɗe a haske. A ciki ƙulle-ƙulle ne na tsofaffin tsummoki, kowanne bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ta ce in kwance ɗaya. Abu ne baƙi, busasshe, biyu, kamar kanumfari. Sai da na kawo shi kusa da ido na ga farcen.

Ta riƙa ɗaga su ɗaya-ɗaya tana shafa tsumman tana kiran suna. Na kakana. Na wata gwaggonsu da ban sani ba. Nata. Na Azariya. Nawa, a cikin yankin zanen da na tuna mamata tana ɗaurawa. Sai ta ɗaga wani a cikin farin bandeji ta ce, "Kaleb."

Na ce ƙarya ne, Kaleb a gidana aka haife shi, a Kafanchan. Ta ce, "Kana Legas da lodin citta. Ni na zo wa Hellen wankan jego. Da ka dawo ba ka ga hannunsa cikin safa ba?" Na gani. Hellen ta ce mini yana yaƙushin fuska ne. Har na yaba mata da dabara.

Ta ce haka matan gidan suke yi tun kafin zuwan mishan. Da an haihu, kafin a kira namiji, tsohuwa takan duba hannu, ta ɗaure da zare, a rufe har ya bushe ya faɗi. Ba a gaya wa maza, domin mazan dā suna cewa mugun abu ne ya shigo gida. Duk matar da aka auro, ranar haihuwarta ta fari ake sa ta rantse. Hellen ta rantse. Ta tafi kabari da shi, tana kwana a gefena shekara talatin.

Na ce to me ya sa ake ajiyewa. Ta ce, "Na mutum ne. Ranar tashin matattu kowa zai nemi nasa."

Na ɗauka an gama. Sai ta ce, "Akwai wadda nata ba ya ciki."

Ban taɓa sanin ina da yaya ba. Miriyam. Shekara biyar kafin a haife ni. Naƙuda ta kama mamata a gona, babu tsohuwa kusa, babana ne ya fara ɗaukar jaririyar. Ya ƙirga. Ya ce babu wannan a gidansu. Akwai wani maƙeri mai yatsu shida a ƙauyen gaba. Kwana goma sha uku da haihuwa ya kori mamata zuwa gidan iyayenta, a watan marka, a ƙafa. Yarinyar ta kama zazzaɓi a hanya. Ba ta ƙara sati ba.

Kwana goma sha uku. Na ƙirga daga shida ga wata zuwa Litinin. Na sake ƙirgawa.

Mama Damaris ta ce, "Ina shekara sha huɗu. Uwarmu ta rasu, tukunyar tana hannuna, na san komai. Na ji tsoron yayana, na yi shiru. Sai bayan an binne yarinyar na kai masa nasa na kwance a gabansa." Ta ce bai ce uffan ba. Ya je ya dawo da mamata, amma bai taɓa ce mata yi haƙuri ba, har ta mutu. Daga ranar ya fara zama a kan dutsen nan yana murza gefen hannu. Fiton da yake yi kuwa, waƙar da mamata take yi wa Miriyam ce a kwanakin nan goma sha uku.

Ni na ɗauka mugunta ce kawai take sa shi shirun nan.

Ta ce, "Na yi shiru sau ɗaya, an binne yarinya. Shi ya sa na karya rantsuwa. Ina jaririyar take?" Na mayar da ido kan tukunyar. Ta ɗago fuska, idon nan fari, ta ce, "Ɗan Azariya. Ka riga ka yi, ko?"

Na fito. Waya ba ta kamawa a gidan sai a kan tudu. Da ta kama, kira tara daga Kaleb. Jikin yarinyar ya yi zafi tun jiya, ta ƙi nono, suna wani ƙaramin asibiti a Zangon Kataf.

Juma'a, 23 ga Agusta

Zangon Kataf. Jiya daga Nok kai tsaye na zo, tukunyar a kujerar gaba, na ɗaura mata bel. Mama ta ce in tafi da ita, ita ta gaji da gadi. Duk ramin da na faɗa sai in ji su suna motsi a ciki.

Ba su bar ni na shiga ɗakin ba. Malam Silvanus, baban Doreen, tsohon hedimasta, ya tare ƙofa. Ya ce, "Ciyaman, nan ba sito ba ne. Takardar Abuja ta fito ne?"

Ina da magana da na shirya a hanya, mai tsawo. Ta gudu. Na miƙa masa hannuwana biyu, na juya gefen. Bai gane ba. Na kira Kaleb na kama nasa na jera da nawa. Nasa sun fi nawa ƙanƙanta, kamar tabon sauro, shekara talatin da ɗaya bai taɓa tambaya ba. Malam ya sa tabarau ya sunkuya. Ya daɗe. Kaleb ya fizge hannunsa ya juya ya fuskanci bango.

Malam ya ce, "Ba ni za ka nuna wa ba."

Asabar, 24 ga Agusta

Zafin bai sauka ba. An sa mata ruwa ta jijiyar hannu, allurar tana kusa da ɗan yatsan. Likita ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga jini, yakan faru da jarirai, ba lallai ruwan sama ba ne. Ba lallai ba.

Ina kan benci a baranda tun safe. Na kama kaina ina murzawa. Na zauna a kan hannuwan.

Lahadi, 25 ga Agusta

Doreen ta fito ɗiban ruwan zafi ta same ni. Na tashi. Ban san lokacin da gwiwata ta taɓa siminti ba, a gaban masu jinya, ni. Na faɗi kalmar da babana bai taɓa faɗa wa mamata ba. Sau biyu na faɗa, don ta farko ba ta fito da kyau ba.

Ta tsaya da fulas a hannu. Ta ce, "Baba, tashi, mutane suna kallo." Na ce su kalla. Ta ce, "Ba ni kaɗai ba ce. Akwai Zamani da matarsa." Ta wuce. Ba ta ce ta yafe ba.

Da la'asar ta aiko Kaleb wai in shigo in riƙe yarinyar ta samu ta yi wanka. Tana ta kuka, muryar ta dushe. Na rasa yadda zan yi. Fiton nan ya zo bakina da kansa, hawa uku ya sauko. Ta yi tsit. Ta buɗe ido ta dube ni, kallon nan. Yanzu na tuna inda na san shi. A madubin aski nake ganinsa kowace safiya.

Talata, 27 ga Agusta

Ta kama nono.

Alhamis, 29 ga Agusta

Kafanchan. Na kai wa Zamani yadi biyar ya ɗinka mini na ranar Lahadi. Telana yana nan, amma hannunsa ya fara lalacewa. Na yi magana da Zamani da matarsa a bakin shago, da ƙarfi, yadda masu shagunan gefe za su ji. Ya ɗauko tef ya auna ni. Da ya zo kan hannun riga ya tsaya, ya duba, ya ce, "Ciyaman, ashe kai ma namu ne, an yi maka kwaskwarima." Matarsa ba ta yi dariya ba. Tana da gaskiya.

Sista Caroline ta ce idan iyayen suna so likita zai cire shi da kyau in ta yi ƙwari, kada kowa ya kusance ta da zare. Na ce ba ni zan yanke wannan ba. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "A gaida abokin naka."

Lahadi, 1 ga Satumba

An yi. Doreen ta zo daga gidan iyayenta, can ta koma bayan sujada. Ta ce sai ta ga dama. Kaleb yana can tare da su. Gidan shiru.

Sunan ba wani abu ba ne, yana cikin Littafi, kowa yana sa shi. Da Fasto ya tambaya na ce Miriyam. Mama Damaris da aka ɗauko a mota ta yi wani sauti daga baya, mutane suka ɗauka guɗa ce.

Doreen ta ce ba za a cire ba sai yarinyar ta girma ta faɗi da bakinta. Da Fasto ya ɗaga ta sama hannayen suna waje, ba safa. Na ƙirga daga inda nake tsaye. Sha biyu, babu wanda ya ɓace.

Tukunyar tana cikin kabad ɗina. Ranar Asabar zan koma Nok, akwai maganar iri da ban gama da manoma ba. Tunda zan bi ta wajen, zan haƙa ɗan rami a gefen kabarin babana in mayar masa da nasa. An ce ciyawa ta rufe wurin. Zan tafi da fartanya.

Hadari ya haɗo. Gefen hannuna yana ƙaiƙayi. Na bar shi.